Makon da Mami Ta Shiga Jirginmu

Mahaifiyata, Doña Zoila, ta zo Galápagos tana amarya, a cikin jirgin dakon kaya, tsakanin buhunan siminti da awaki. Tun daga Guayaquil har tsibirin Santa Cruz amai take yi. Da ƙafarta ta taɓa ƙasa sai ta durƙusa ta yi wa Budurwa Maryamu alkawari ba za ta ƙara hawa kan ruwa ba. Ta kuwa riƙe alkawarin sama da shekara arba'in. 'Yan'uwanta na Loja, can kan duwatsu, in suna son ganinta, su ke zuwa.

Gonarmu tana can kan tudu, inda yayyafi ba ya yankewa. Kofi muke nomawa da agade, da 'yan shanu kaɗan. Ranar da gari ya washe, daga bayan ɗakin girki ana hango teku, amma Mami ba ta ɗauke shi a bakin komai ba. Ni kuwa a kansa nake ci. Jagora ce ni a Rosalba, ƙaramin jirgi mai ɗaukar baƙi goma sha shida. Mako guda muke yi muna zaga tsibirai da su, ina nuna musu dabbobi, ina hana su taɓawa. In maƙwabta suka tambaye ta aikina, cewa take, "Yadira? Tana can tana nuna wa Turawa ƙadangaru."

Shekara guda bayan rasuwar babana, Don Hermel, wasu mata da miji suka fasa tafiya ana gobe za a tashi, ɗakinsu ya zama babu kowa. Mai jirgin yakan bar ma'aikaci ya ɗauko ɗan'uwansa in an sami irin wannan. Na kira Mami ne kawai don kada daga baya in ce ban kira ba.

"Mako guda a kan ruwa?" ta ce.

"E, Mami. Na san ba za ki zo ba."

"Wa ya gaya miki?"

"Alkawarinki fa?"

"Na riga na tambayi Fada a coci tun bara. Ya ce alkawarin da mutum ya yi yana amai bai ɗaure shi ba. Wa zai duba min shanu, shi ne maganar. Bari in leƙa maƙwabta."

Ta sauko Puerto Ayora, garinmu na bakin teku, da baƙar rigarta ta zuwa coci, da mayafin ulu, da buhu cike da gwaiba. A bakin tashar na tare ta.

"Mami, wannan ba zai shiga jirgi ba."

"Gwaibar gonar ubanki ce."

"Na sani. Ƙwaya ɗaya ta faɗi a tsibirin da babu ita, shi ke nan ta cinye wurin. Ke da kanki kullum sarar ta kike yi a makiyaya kina zaginta."

"To ni zuwa zan yi in shuka musu? Ci za a yi."

"In an ci, ƙwayar ina take zuwa?"

Ta dube ni sama da ƙasa. Sai ta juya ta fara raba wa masu dako da direbobin tasi, tana ce wa kowanne, "Karɓi, 'yata ta zama hukuma." Wani karen teku, lobo kamar yadda muke ce musu, yana kwance a kan bencin jira yana minshari. Mami ta tsaya a kansa ta ce, "Shi wannan ba a tambayarsa me ya ci?"

Na ba ta maganin tashin zuciya, na kai ta ɗakinta. Ta shafa zanin gado, ta leƙa bayi, ta ce wannan ai ɓarna ce. Da aka kira cin abinci ta ƙi zama da baƙi. Ta ce ba za ta zauna wani ɗan mutane yana tsaye a kanta yana zuba mata ruwa ba, ita ba gawa ba. Kafin mu fita daga gaɓa ta nemo ɗakin girki da hancinta.

Mai dafa mana abinci Don Galo ne, mutumin Manabí ta bakin teku, ƙato mai tumbi, wanda ko kyaftin ba ya shigar masa wuri sai da sallama. Washegari da safe na same su tsaye a kan turmi, yana dakan agade da cuku zai mulmula.

"Don Galo, wannan agaden bai dahu ba."

"Doña Zoila, da girmanki, tun kafin 'yarki ta iya tafiya nake wannan aiki."

"Tun lokacin kake ba mutane ɗanye? Allah sarki Turawa, ba su san bambanci ba."

"Mutanen dutse za su koya wa mutumin gaɓa agade? Ku da dankali kuka sani!"

"Ba ni taɓaryar, kana ta surutu yana hucewa."

Ya ba ta. Ya dube ni ta saman kanta ya ɗaga gira, ya ce, "Yadi, in jirgin nan ya nutse, ki shaida ba ni ne na ja ba." Daga ranar wurin zamanta ya zama kan bokitin da aka kife kusa da ƙofar ɗakin girki, inda iska ke shigowa. Jirin da take tsoro bai zo da ƙarfi ba. Ta ce ko dai ruwan ne ya tsufa, ko ita.

Mun kwana muna tafiya, gari ya waye mana a yammacin tsibirin Isabela. Can babu gida, babu hanya, sai duwatsun aman wuta a jere, kawunansu cikin gajimare, da baƙin dutsen da ya malalo ya daskare har bakin ruwa. Na sa wa Mami rigar ruwa, na riƙe ta ta sauka cikin kwalekwale tana alamar gicciye. A kan dutsen ta yi tafiya fiye da wasu baƙin, da sandar da Don Galo ya ara mata. Ta tsaya ta dubi filin nan baƙi ƙirin, ya tsattsage kamar ƙanzon tukunya, ta ce, "Ko akuya ba za ta yarda da nan ba." Can kuma muka iso wani rami a tsakiyar dutsen, ruwa kwance a ciki da koren ciyayi kewaye, tsuntsaye masu dogayen ƙafafu jajaye-jajaye suna kiwo. Mami ta tsaya tana kallonsu.

Babana da ƙuruciyarsa a wannan gefen ya yi sana'ar su, yana nutso yana kamo manyan jatan lande, kafin ya koma noma. Labaran yamma ba sa ƙare masa, Mami kuwa ba ta taɓa yarda da ko ɗaya ba. Da kwalekwalenmu ya bi ta gefen wani dutse, sai ga wani baƙin tsuntsu tsaye ya buɗe 'yan guntayen fikafikansa yana shanyawa, ba su kai tafin hannu biyu ba.

"Wa ya fige shi?" in ji Mami.

"Haka aka halicce shi. Ba ya tashi, nutso yake yi."

"Hermel ya gaya min. Na ce masa giya ce." Ta gyara mayafinta. "To, wannan ɗaya dai ya yi gaskiya."

Cikin baƙin akwai wata tsohuwa doguwa daga Denmark, Birgit, ita kaɗai ta zo. Ba ta jin yarenmu, Mami ba ta jin nata, amma suka manne wa juna. Birgit takan miƙa mata madubin hangen nesa, Mami ta duba ta mayar, ta yi mata dogon bayani a kan ciwon gwiwa, ita kuma tana gyaɗa kai. Na taɓa tambayar Mami me suke cewa. Ta ce, "Mijinta ya mutu." Na ce wa ya fassara mata. Ta ce, "Sai an fassara?"

A Fernandina abin ya faru. Tsibirin nan babu abin da mutum ya taɓa kai masa ya zauna, ko ɓera, shi ya sa muka fi tsananta doka a kansa. Ba a sauka da abinci, ba a kauce wa hanyar da aka kafa wa sanduna, ba a matsa wa dabba kusa. Da safe muka sauka, ruwa ya janye. Damon teku sun kwanta a kan dutse ɗaya bisa ɗaya, baƙaƙe kamar dutsen, sai mutum ya kusa taka su yake gane masu rai ne. Suna ta atishawa suna fesar da gishiri. Jajayen ƙaguwa suna yawo a bayansu. Ina gaba ina bayani, baƙi suna ɗaukar hoto, sai na lura babu Mami a cikinmu.

Tana baya, a bakin wani ɗan yashi tsakanin duwatsu. Ɗan lobo ne kwance shi kaɗai, bai fi 'yan makonni ba. Ina ganinsa na san halin da yake ciki. Haƙarƙarinsa a waje, fatar ta yi masa yawa, ƙudaje sun taru a idanunsa. Can gefe wata uwa tana shayar da nata. Ya ja jiki ya nufe ta yana kuka kamar ɗan akuya, ta juyo ta daka masa tsawa, ta ture shi da hanci har ya wuntsila. A kan wani busasshen reshe, shaho yana zaune yana kallo.

"Ina uwarsa?" Mami ta tambaya.

"Ta tafi kamun kifi. Wani lokaci sukan yi kwanaki."

"Kada ki yi min maganar Turawa. Dube shi."

"Wataƙila ba za ta dawo ba, Mami. Wataƙila kifin shak ya same ta."

"To a koma jirgi a ɗauko madara. Galo yana da ita."

"Madarar shanu kashe shi za ta yi. Kuma ba a ba su komai."

"Maraƙi nawa na raya da kwalba? Ke kanki kin riƙe min kwalbar."

"Wannan ba maraƙi ba ne."

Ɗan lobon ya ji muryarmu ya juyo. Ya ja jiki har sandar hanya, ya ɗora hancinsa kusa da takalmin Mami yana shinshina. Baƙi sun riga sun dawo sun kewaye mu. Birgit tana share ido. Wani mutum daga cikinsu ya tambaye ni ko babu wanda za a kira. Na ce zan sanar da ma'aikatan gandun dabbobi, amma in ba mutum ne ya jawo abin ba, kamar ƙugiya ko igiyar su, ba sa sa hannu. Ya ce wannan rashin imani ne. Wasu suka gyaɗa kai.

Mami ta cire mayafinta ta sunkuya. Na san me za ta yi, naɗe shi za ta yi ta ɗauka, yadda take ɗaukar maraƙin da aka haifa cikin ruwan sama. Na kama wuyan hannunta.

"Mami, a'a."

"Sake ni."

"In kin taɓa shi, ko uwar ta dawo za ta ji warinki ta ƙi shi. Wannan kaɗai ya rage masa."

"In ba ta dawo ba fa?"

"Shi ke nan."

Ta miƙe a hankali. Ba ta ɗaga murya ba, kuma baƙin ba su ji me ta ce ba, amma sun ga fuskata.

"Shi ke nan," ta ce. "Haka kika ce a kan ubanki. Haka kika tsaya, da wannan fuskar."

Lokacin da ciwon babana ya yi tsanani, likita a Puerto Ayora ya ce in ana so a gwada, sai a kai shi Guayaquil, ko da yake bai ba mu fata mai yawa ba. Mami ta haɗa jaka a ranar. Ita da ba ta hawa ruwa, ta shirya ƙetare mashigin teku zuwa filin jirgin sama. Baba ya ce ba inda za shi, a gonarsa zai mutu yana jin kukan shanunsa. Mami ta juyo gare ni in taya ta lallashinsa. Na ce a bar shi. Ya yi wata biyu ya rasu a ɗakinsa. Tun daga lokacin ba mu taɓa tada maganar ba, ni da ita.

Na saki hannunta. Na juya na ce wa baƙi mu ci gaba, akwai ƙasusuwan wani babban kifi a gaba da nake so su gani. Na yi musu bayanin har ƙarshe, ban san me na faɗa ba. Mami ta koma bakin ruwa ta zauna a kan dutse tana jiran kwalekwale, Birgit a gefenta. Da muka zo wucewa ɗan lobon ya koma inuwar dutse ya kwanta. Shahon yana nan inda yake.

Da rana Mami ba ta sauka daga jirgi ba, washegari da safe ma haka. A teburin baƙi an rage yi min magana. Na shiga ɗakin girki neman kofi, Don Galo ya zuba min ba tare da tsokanar da ya saba ba.

"Tana baya," ya ce. "Na ba ta wake ta ɓare, wanda ba na ma buƙata. Ki je."

"Me zan ce mata?"

"Ni na sani? Ni mai girki ne. Ɗauki wannan ki kai mata, ba ta karya ba."

Na same ta a bayan jirgi, inda muke shanya rigunan ruwa, da kwano a cinya. Mun riga mun zagayo arewacin Isabela, jirgi yana tafiya, dutsen yana ja da baya. Na ajiye mata farantin, na zauna a ƙasa na ɗebi wake ina ɓarewa. Mun jima a haka.

"Baba ne ya ce a bar shi, Mami," na ce. "Ba ni ba."

"Na sani. Ni ma ya gaya min, ba sau ɗaya ba. Kina tsammani ban san mijina ba? Da mun kai shi, da a hanya zai mutu don haushi."

"To me ya sa..."

"Ban ce kin yi laifi ba." Ta watsa ɓawon wake a bokiti. "Na juyo ne ina neman wanda zai yi kuka tare da ni, sai na ga 'yata tsaye kamar ma'aikaciyar asibiti. Kika ce a bar shi, kika fita kika shiga mota. Na ce a raina, wannan yarinya a ina ta koyo wannan? Ba a gidana ba. Jiya na ga inda kika koyo."

"A motar na yi kukan. Sai da direban ya tsaya a gefen hanya."

Ta dube ni. "Me ya hana ki yi a gabana?"

"In na fara, wa zai riƙe ki?"

"Wa ya ce ina son a riƙe ni? Sakarya." Ta faɗe shi a hankali, ba da faɗa ba. Ta ɗauki agaden da Don Galo ya aiko ta gutsura, ta tauna, ta ce har yanzu bai iya ba. Sannan ta ce, "Sau nawa kika ga irin na jiya?"

Ban taɓa ba ta labarin aikina ba sai abin dariya, baƙon da ya faɗa ruwa, ko wadda ta tambaya ko da dare ana mayar da dabbobin keji. Ranar na gaya mata shekarar da teku ya yi ɗumi, ina sabuwar shiga aiki. Ciyawar ruwan da damo ke ci ta mutu, kifi ya gudu can ƙasa. A wannan gaɓar da muka sauka jiya, sai mun zaɓi inda za mu sa ƙafa saboda gawar damo. 'Ya'yan lobo a jere a kan yashi, iyayen sun tafi nema ba su dawo ba. Kowane zuwa in tarar da waɗanda na sani sun ragu. Wari har cikin gashina. Baƙi suna kuka suna zagina, ina ce musu haka tsibirin yake yi tun kafin a haifi kakanninmu. In mun koma jirgi in shiga bayi in kulle.

"Kuma da gaske ne? Abin da kike gaya musu?"

"Da ruwan sanyi ya dawo, cikin 'yan shekaru wurin ya cika, har ya fi da. Waɗanda kika gani jiya jikokin waɗanda suka tsira ne. Shahon nan ma yana da 'ya'ya a sheƙa, Mami."

"Wannan na sani, ni manomiya ce. Kaza nake yankawa ranar Lahadi." Ta ɓare wani waken. "Amma ni dai da na ɗauke shi."

"Na sani."

"Ko yanzu aka koma, ɗauka zan yi."

"Ni kuma in hana ki."

"To," ta ce. Ta tura min kwanon. "Ƙarasa, yatsuna sun gaji. Kuma duk shekarun nan ba ki gaya min ba, kin bar ni ina ce wa mutane hutu kike zuwa."

Da yamma muka tsaya a tsibirin Santiago, a wata gaɓa mai baƙin yashi inda ruwa ke kwance lumui. Baƙi suka sa gilashin ruwa suka shiga. Ina ƙirga kawuna daga kwalekwale sai na ga Birgit ta riƙo hannun Mami suna shiga, Mami da doguwar rigarta, ruwa har ƙugu. Birgit ta ɗaura mata gilashin, ta nuna mata yadda za ta sunkuya. Mami ta tsoma fuska ta ɗago da sauri tana tari, ta yi wata magana da ba a yi a coci. Ta sake tsomawa. Wannan karon ta daɗe har na fara miƙewa. Wata babbar kififiya ce, kunkurun ruwa, a gabanta, tana kiwon ciyawa a kan dutse, ko kallonsu ba ta yi.

Da na jawo ta cikin kwalekwale, rigar tana zuba, haƙoranta suna kaɗawa, ta ce, "Yadi, akwai makiyaya a ƙasan nan. Tana tsinka tana taunawa kamar saniya. Kuma akwai wasu ƙananan kifaye masu rawaya suna bin ta." Ta karɓi tawul. "Kada ki gaya wa maƙwabta na shiga ruwa da rigar coci."

A yammacin ƙarshe akan tara ma'aikata a gaban baƙi a yi ban kwana, mukan yi shi tun rana ba ta faɗi ba. Don Galo ya fito da farar hularsa, ya jawo Mami daga kan bokitinta ya tsayar da ita kusa da shi, ya ce in fassara: wannan ita ce ta lalata masa ɗakin girki mako guda. Baƙi suka tafa. Mutumin da ya ce min marar imani bai tafa wa kowa ba, kuma har ya sauka bai ƙara yi min magana ba. Akan samu irinsu, ban riƙe shi ba.

Da safe muka shigo Puerto Ayora. Baƙi suka hau motar da za ta kai su filin jirgi. Birgit ta sunkuyo ta rungume Mami, kowace ta yi wa 'yar'uwarta doguwar magana da yarenta, suka rabu. Mami ta taka simintin tasha sai ta yi tangaɗi ta cafke hannuna.

"Ƙasar tana motsi."

"Za ta daina zuwa gobe."

"Yanzu kuma ke sai ina?"

"Sababbin baƙi suna isowa da rana. Zan je in tarbo su."

"Yau ɗin nan? Ba za ki ko kwana a gida ba?"

"Sai wani makon, Mami."

Maƙwabcinmu da ya kawo madara gari yana jira da motarsa, na sa mata jakarta a baya. Ta hau da ƙyar, ta zauna, ta sauke gilashi.

"In kun koma can, ki duba ɗan lobon."

"Zan duba. Amma ba lalle in gane komai ba."

"Ki dai duba. Abin da kika gani ki gaya min yadda yake, kada ki gyara."

Bayan mako biyu hanyarmu ta sake bi ta Fernandina. Na bar baƙi a gaba na koma wurin ɗan yashin. Babu ɗan lobon, babu gawa, babu ƙashi. Ruwa ya hau ya sauka sau da yawa tun ranar. A cikin kududdufin da ke kusa 'ya'yan lobo da dama suna wasa, suna kokawa da wani guntun icce, na duba su ɗaya bayan ɗaya, ban iya cewa ga shi ko ba shi ba. Da muka samu layin waya na kira ta na faɗa mata haka.

Ina jin kajinta a bayanta.

"To," ta ce. "Kofi ya nuna, ni kaɗai ba zan iya tsinka ba. In kin sauka ki taho da Galo, ya zo ya ga yadda ake dafa agade."